'Yar Shuɗiya Mai Juya Ƙwai

Da faɗa ta shigo shagon. Sallamar ma a tsaitsaye ta yi ta, ta dire leda a kan kanta ta ce, "Malam, abin da kuka sayar mini jiya lalatacce ne."

Saurayin da ke bayan kantar ya ɗago daga rediyon da yake kwancewa. Tsayinsa ya sa sai ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin wayoyin da aka rataye a rufin shagon, shi ya sa duk layin masu kayan lantarki ba mai kiransa da komai sai Dogo. Ya amsa sallamar cikakkiya, kamar wadda aka yi masa da ladabi, sannan ya buɗe ledar.

Ɗan ƙaramin inji ne shuɗi a ciki, bai wuce akwatin ashana ba, da ɗan hannu fari a kansa. Sarbo ake ce masa, aikinsa ya juya hannun nan zuwa inda aka umarce shi ya tsaya cak. Kusa da shi ga ɗan allon kwamfuta kamar tafin hannu, wanda ake rubuta wa umarnin.

"Me ya yi miki?"

"Rawa yake yi. Na ce ya juya, sai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, fitilar allon ta ɗauke ta dawo, ya sake daga farko."

"Me kike so ya juya?"

A gida Auta suke kiranta, kuma tun da ta gama karatu ta fara kiwon kaji a bayan gida, yayyenta suka mayar da ita abin tsokana. Ta san dariya za a yi, amma ta faɗa.

"Ƙwai. Tsohon firjin Mamanmu na mayar na'urar ƙyanƙyasa. Na sa ƙwan fitila don ɗumi, na sa fanka. Saura tiren ƙwan ya riƙa karkata dama da hagu da kansa, don in ba a juya su ba ɗan tsakon manne wa ɓawo yake yi ya mutu."

Dogo bai yi dariya ba. Ya ajiye sukudireba ya kalle ta sosai.

"Ke kika haɗa duk wannan?"

"Aljanu ne suka haɗa."

Nan ne ya yi dariyar, ita ma ta kusa yi, ta dai danne. Ya jawo waya ya haɗa komai yadda ta kwatanta, sarbon kuwa ya kama rawa a kan kantar. Ya cire jar wayar daga jikin allon, ya jona ta a wata caja daban. Nan take hannun ya juya lafiya lau, ya tsaya.

"'Yar shuɗiyar nan lafiyarta ƙalau," ya ce. "Yunwa take ji. Wutar da allon ke bayarwa ta shi kaɗai ce, ba ta isa a raba. Da 'yar shuɗiyar nan ta ja, sai allon ya suma ya farfaɗo. Ki ba ta cajarta daban."

Kunya ta kama Auta. Ta tattara kayanta tana kallon ƙasa.

"To, ka yi haƙuri da faɗan."

"Ba komai, Injiniya. Faɗan ma ya yi mini daɗi. Karɓi lambata, in ta sake rawa ki sanar da ni."

Ta karɓa tana ce wa zuciyarta don ƙwai ne kawai.

Da la'asar kuwa ta sake rawa, har ta fi ta da. Auta ta zauna a gaban firjin, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura.

"Salam. Mai ƙwai ce. Na ba ta cajarta, yanzu haukacewa ta yi gaba ɗaya."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Wa alaikis salam, Injiniya. Kin haɗa negetif ɗin cajar, wato baƙar wayar, da negetif ɗin allon? In ba su haɗu ba, allon na magana ne ita ba ta jin yarensa. Laifina ne, a shago na haɗa ban nuna miki ba. Hankalina ne ya tafi wani wuri."

"Ina ya tafi?"

"Ki fara gyara wayar tukuna."

Ta ɗauko guntuwar baƙar waya ta haɗa. 'Yar shuɗiya ta nutsu, ta karkata tiren dama, ta mayar da shi hagu. Auta ta yi tsalle har kaji suka watse. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Lafiya, Auta?"

"Ta yi, Mama! Ta yi!"

"To madalla. Amma wannan murmushin da kike yi wa waya, shi ma na ƙwai ne?"

Daga ranar hanya ta buɗe. Da ta gwada da ƙwai biyu, 'yar shuɗiya ta fizgi tiren da ƙarfi, ɗaya ya gangaro ya fashe. Ta koma shagon da kwamfutarta, suka zauna a kan benci, ya ce ta daina ba ta umarnin tafiya gaba ɗaya, ta riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan tana hutawa. Auta ce ta rubuta, shi yana riƙe da kofin shayi yana kallon yatsunta. Wata rana kuma wayar umarni ce ta saki. Wata ranar babu abin da ya lalace, ta dai je sayen kusoshin da ba ta buƙata, shi ma bai tambaye ta na mene ne ba.

Ta san shi a hankali. Shagon na yayarsa ne, shi ke riƙe mata tun da ta haihu. Ba ya cin abinci sai ya raba da mai gadin layin. In abu ya fi ƙarfinsa ba ya kunyar cewa bai sani ba. Wannan ya fi komai kwanta mata a rai.

"Injiniyata," ya rubuto wata safiya, "jiya na sayar wa wani mutum batir, na ce masa Allah ya sa su ƙyanƙyashe lafiya. Ki ji tausayina."

"Dogona, wannan ciwon ba na waya ba ne. Ba ni da maganinsa."

"Akwai. Yana hannun Baba. Ki ba ni izini in turo manya."

Ta kifa wayar a ƙirji ta daɗe tana murmushi, sannan ta je ta faɗa wa Mama. Mama ta faɗa wa Baba. Nan gizo ya yi saƙa.

Baba tsohon direban manyan motoci ne, ya sha wuyar makanikai a hanya, kuma ya daɗe yana lura da zirga-zirgar Auta. Ya kira ta falo.

"Wannan shi ne yaron da yake gyara miki abin nan?"

"Shi ne, Baba."

"Abin da kullum a lalace yake?"

"Ba lalacewa ba ce, Baba, gwaji ne..."

"Ni za ki faɗa wa masu gyara? Ruwa ba ya tsami banza. Abu ɗaya, yau an gyara gobe ya lalace. Ko dai bai iya aikinsa ba, ko kuma da gangan yake bari don ki riƙa komawa. In na farko ne, da me zai riƙe ki? In na biyu ne, macuci ne. Duk biyun ba zan ba shi 'yata ba."

Ana cikin haka kuma ga likitan dabbobin da ke zuwa yi wa kajinta allura. Mutum ne mai fara'a, abokin babban yayanta, Baba na sonsa ƙwarai don ba ya zuwa sai ya zauna sun yi hirar tafiye-tafiye. Ya daɗe yana son Auta yana zagaye, da ya ji abin da ake ciki sai ya fito fili. Ya same ta a bayan gida tana share akurki, ya dubi firjin ya girgiza kai.

"Auta, me ya kai ki wannan wahalar? Akwai na kamfani, sai dai ki jona kawai. Ki ce to, gobe a kawo miki."

"Na gode, Likita. Nawa nake so."

"Shi kuma mai shagon naki, ki yi a hankali. Na sha wucewa ta layin nan. Duk budurwar da ta shiga da dariya take fitowa."

Ta ce masa ai gara dariya da kuka, amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar ƙaya.

Duk da haka ta zuba ƙwai cike da tire, waɗanda ta daɗe tana tarawa daga kajinta mafi kyau. Kwanaki kaɗan komai ya tafi daidai. Sai wata safiya ta ji ƙara daga firjin, wani siririn kuka kamar na sauro. Ta taɓa 'yar shuɗiya ta ji zafi rau. Kafin ta kashe, sai ƙarar "ƙarr", hannun ya saki, tiren ya tsaya a karkace. Haƙoran robar da ke ciki sun cinye.

Ta ɗauki hoto ta tura wa Dogo, hawaye na zuba. Baba ya fito alwala ya gan ta.

"Ya sake lalacewa ko? Kawo wayar nan."

"Baba..."

"Kawo. Kuma ƙafarki kada ta sake taka shagon nan."

Haka ta koma juya ƙwai da hannu, tana buɗe firjin ɗumi na fita. Ba ta san ko ya ga hoton ba. Ba ta san ko ya amsa ba. Mama na taya ta, tana cewa, "Ki yi haƙuri, Babanku kamar madara yake a wuta, ya taso ya kwanta."

Bayan kwana biyu suna zaune a falo da yamma, wayar ta yi ƙara a aljihun Baba. Ya ciro, ya gyara tabarau, ya karanta. Fuskarsa ta sauya. Ya miƙe tsaye.

"Kun gani ko? Allah ya tona shi! Abokinsa zai tura wa, ya yi kuskure ya turo nan. Ku saurara."

Ya karanta da ƙarfi, yana dukan iska da yatsa.

"Gaskiya na haƙura da ita. Ba ta da ƙarfi, abu kaɗan ta fara kuka, ga rawar kai. Na samo wadda ta fi ta komai, baƙa ce, mai ƙiba, mai haƙoran ƙarfe. Gobe zan kawo ta gida a gani."

Maganar Likita ta faɗo wa Auta a rai. Baƙa, mai ƙiba. Idonta ya kawo hawaye. Sai kuma kunnenta ya maimaita mata ƙarshen. Mai haƙoran ƙarfe? Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

Baba ya ɗauka kuka ne, ransa ya ƙara ɓaci.

"Daina kuka, Auta! 'Yata ce ba ta da ƙarfi? Yarinyar da ke ɗaukar buhun abincin kaji ita kaɗai? Rawar kai? Shi wane ne da zai haƙura da ke? Kaf layin nasu akwai mai hankalinki?"

"Baba, ai ba..."

"Ki yi mini shiru! Ni zan yi maganinsa."

Mama ta dubi Auta, ta gane dariya ce, ta dafe mata gwiwa alamar ta bari. Baba ya danna kira, ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"Kai ne Dogo? Mahaifin Auta ne. Gobe da safe ina son ganinka. Kuma ka zo da ita, mai haƙoran ƙarfen. Ina so in ga abin da ta fi 'yata da shi."

Washegari Dogo ya zo cikin kayansa mafi kyau, ya sunkuya ya shigo ƙofar falo, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Auta na bayan labule ita da Mama.

"Ina take?" in ji Baba. "A waje ka bar ta?"

"Tana nan, Baba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani baƙin sarbo, ya fi shuɗin girma sau biyu, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

Baba ya dubi abin. Ya dubi Dogo. Ya sake duban abin. Daga bayan labule dariyar Mama ta ƙwace, ta Auta ta biyo baya. Dogo, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya riƙa waige-waige. Sai da Mama ta fito ta karanta masa saƙonsa da irin muryar Baba, sannan ya gane. Ya dafe kai.

"Wayyo, Baba! Inji nake nufi. Wallahi inji nake nufi. Ni in haƙura da Auta? Ai ko abinci ban iya ci ba kwana biyun nan."

Baba ya yi gyaran murya, gemunsa na motsi, yana ƙoƙarin riƙe fuska.

"To, na ji. Amma maganata tana nan. Abu kullum a lalace. Tashi mu je, a gabana za ka gyara. Gani ya kori ji."

Suka ɗunguma bayan gida. Dogo ya naɗe hannun riga ya durƙusa gaban firjin, Auta na miƙa masa kusoshi ba tare da sun haɗa ido ba. Ya cire shuɗiyar ya buɗe cikinta ya nuna wa Baba haƙoran da suka cinye.

"Ka ga, Baba, nauyin ya fi ƙarfinta. Kamar a ɗora wa ƙaramar mota kayan tirela ne. Tun farko ya kamata in tambayi nauyin tiren in ya cika, ban tambaya ba. Wannan kuskurena ne."

Baba ya ce, "Uhm." Amma ya matso. Maganar lodi maganarsa ce.

Aka ɗaura sabuwar, aka kawo caja mai ƙarfi, aka kunna. Tiren ya karkata dama a hankali, lafiya. Ya dawo hagu, ya kai ƙarshe, sai ga kukan nan kuma, siriri, ya ƙi tsayawa.

Zufa ta karyo wa Dogo. Ya duba wayoyi, ya auna wuta, ya sake dubawa. Komai daidai. Baba ya harɗe hannu a ƙirji.

Auta ta kwantar da kai gefen firjin tana leƙe. Can ta ce, "Tsaya. Sake mayar da shi hagu." Ta zura yatsa. Gefen tiren ya tokare da bangon firjin, ko takarda ba za ta wuce ba.

"Ga shi nan. Na umarce ta ta kai inda babu hanya. Tana ta turawa, bango ya hana, shi ne take kuka."

Ta jawo kwamfuta ta rage kusurwar, ta tura wa allon. Tiren ya tafi hagu, ya tsaya kafin bango. Shiru. Sai ƙarar fanka kawai da kukan kaji.

Baba ya ce, "To, Malam Dogo, ka gyara."

Dogo ya girgiza kai. "A'a, Baba. Ni canzawa na yi. Ita ta gano ainihin ciwon, ni ban gani ba. Da ba don ita ba, wannan ma da ta ƙone."

Baba ya sauke hannuwansa daga ƙirji. Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Na yi shekaru a hanya," ya ce. "Na ga masu gyara iri-iri. Wanda zai ce kuskurena ne, a gaban wanda yake neman 'yarsa, ban taɓa gani ba sai yau." Ya ciro wayar ya miƙa wa Auta. "Ungo. Kai kuma, ka ce wa manyanka ina jiransu. Amma daga yau in za ka yi maganar inji, ka riƙa cewa inji ne."

Da Dogo ya fita, bai kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo.

"Injiniyata, ƙafafuna rawa suke yi. A duba mini negetif."

"Ka tsaya ka sha ruwa, Dogona. Ka yi ƙoƙari yau."

Likita ya ji labari a bakin yayanta. Ya zo allura kamar kullum, ya leƙa firjin ya daɗe, sannan ya ce, "Na yi miki maganar da bai kamata ba a kan yaron nan. Ki yafe ni." Ta ce ta yafe, har ta yi masa alkawarin 'yan tsaki biyu.

Ranar da ƙwan suka fara tsagewa, Baba ne ya fara ji. Ya fito da sassafe ya ji "tsiyu-tsiyu" daga firji, ya shiga ƙwala kira kamar gobara ta tashi. Ba duka suka fito ba, waɗanda suka sha iska lokacin juyin hannu sun lalace, Auta ta ji zafinsu. Amma mafi yawa sun fito, jiƙaƙƙu, suna tangaɗi. Baba ya hana kowa taɓawa. Duk baƙon da ya zo gidan a makon nan sai an kai shi bayan gida.

"'Yata ce ta haɗa," yake cewa. "Da ita da surukina."

Mama ta ce, "Tun yanzu ya zama suruki?"

"Ke dai ba ki san aikin inji ba."

Manya suka zo, aka sa rana, rana ta zo. Gidan ya cika har bayan gida, yayyenta da suka daɗe suna tsokanarta su ne ke rigimar wa zai riƙe mata jaka. Masu shagunan layin su Dogo suka rufe gaba ɗaya suka taho, mai gadi a gaba cikin sabuwar hula. Aka ɗaura aure, aka yi addu'a, aka ci aka sha.

Da za a tafi da ita, Auta ta durƙusa gaban iyayenta, Dogo a gefenta. Mama ta riga ta fara hawaye tana dariya a haɗe. Baba ya buɗe baki zai yi doguwar nasihar da ya kwana uku yana shiryawa, sai murya ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ya sake gwadawa, ta ƙi. Ƙarshe ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗar Dogo.

"Ita ce ƙaramarmu," ya ce a hankali. "Gidan zai yi mana faɗi. Ka riƙa kawo ta."

"In sha Allahu, Baba. Har sai kun gaji da mu."

"Ba za mu gaji ba. Ku tashi. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

Falon gaba ɗaya ya amsa da amin. Dogo ya miƙe, ya miƙa mata hannu, ta kama, suka fita tare.